Shekarar da Hannuna Ya Yi Rawa a Kan Igiya

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan marigayi Yaya Isuhu, na san labarin da kuka tashi da shi. An gaya muku wai ni ne na ceci ran wana a rijiyar wani ƙauye gabas da Tajaye, wai ba don zafin namana ba da gawarsa za a fito da ita. Shekara da shekaru ana faɗar haka a gabana ina sunkuyar da kai, mutane na cewa kunya ce irin ta mutumin kirki. Kunya ce kam, amma ba irin wadda suke zato ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, kuma ba na so a kai ni kabari da yabon da ba nawa ba. Ku karanta har ƙarshe, kada wanda ya tsallake layi don yana jin nauyina.

Gidanmu gidan masu ginar rijiya ne tun kakanni. Ku da kuka yi lakwal, wato makarantar boko, kuka shiga aikin ofis a buro, ba ku san aikin ba, to bari in gaya muku yadda yake. Mutum ɗaya ke shiga rami da dagi, an ɗaura masa igiya a ƙugu. Igiyar ta bi ta kan itacen da aka gitta a bakin rijiya, ta ratsa ta tafin hannun mutum ɗaya da ke zaune a wurin, sannan ta wuce ga majiya ƙarfi huɗu ko biyar da ke bayansa. Wannan na zaune shi ne mai riƙon igiya, kuma shi ne kunnen na ciki. Idan rami ya wuce gaba goma sha biyar, murya ba ta fitowa da ma'ana, gunji kawai za ka ji. Saboda haka da igiya ake magana. Ja ɗaya, a ɗauke gugar ƙasa. Ja biyu, a sako ta. Ja uku, ku fito da ni yanzu-yanzu, iska ta ɓaci ko ƙasa na motsi. Mai riƙon igiya ba ya cin goro a bakin aiki, ba ya amsa sallama, ko sarki ne ya zo ba ya waiwaye. Yaya Isuhu ke shiga, ni Shaibu ke riƙewa. Akwai kuma na ukunmu, Garba, ɗan Kawu Nomau na Badaguishiri, taubashina, wanda ke karɓar Yaya idan ya gaji. Garba ba ya ganina bai tsokane ni ba. Kafin ya shiga rami sai ya ce, "Bawana, riƙe ubangijinka da kyau."

Shi ne ƙasa ta rufta wa, shekara uku kafin soja su hau mulki, a wata rijiya wajen Malbaza. Ba laifin kowa ba ne, rairayi ne aka taras a ƙarƙashin laka. Ina riƙe da igiyar. Ta yi fizga ɗaya, sannan ta yi nauyin da mutum goma ba su iya motsawa ba. Sai da muka kwana biyu muna tono kafin mu kai gare shi. Na je Badaguishiri aka yi zaman makoki da ni, ban iya kallon idon Kawu ba, kuma daga ranar ban sake taka garin ba. Ko hanya ta biyo ta can sai in ƙirƙiro dalilin zagayewa.

Abin da ya biyo baya shi ne ban gaya wa kowa ba. Da na zauna bakin rami na ga kan Yaya ya ɓace cikin duhu, sai gabana ya shiga faɗuwa, zufa ta karyo mini ko da sanyin safiya ne. Tuwo ya daina wucewa. Ina salla ina jin nauyin nan a tafin hannuna. To wa zan gaya wa? Mai riƙon igiya in ya ce yana jin tsoro, ya gama aiki, ba wanda zai sake ba shi ƙugunsa. Ga shi damina ta fara ƙin zuwa, rijiyoyi na ƙafewa, kowane ƙauye na aiko mana, kuma ruwan sai ƙara gudu yake yi ƙasa. Inda ubanmu ke samu a gaba goma sha biyu, mu sai mun haura ashirin.

A kasuwar Konni na haɗu da abin. Wani mai faranti ne da ke shigo da magunguna daga tsallaken iyaka ya dube ni ya ce, "Malam, kai ba ka barci." Ya miƙo mini wasu 'yan ƙwayoyi a ƙunshin takarda, irin wadda ake kira a-ji-garau, wadda 'yan ƙwadago ke sha don su wuni suna noma. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar farko na ɗauka Allah ne ya kawo mini mafita. Tsoro ya tafi kamar an share da hannu. Na wuni bakin rami ba yunwa ba gajiya, har ina jin zan iya fito da Yaya ni kaɗai. Na riƙa ɓoye su a ninkin hulata. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu uku, ina korawa da shayi mai ɗaci. Idan ta sake ni da la'asar, tsoron sai ya dawo ya fi na da, ga bushewar baki, ga cizon haƙora, ga faɗa ba dalili. Sannan hannuna ya fara rawa.

Uwarku Dije ce ta fara gani. Wata rana ta kawo mini hura, na karɓi ƙwaryar, sai ga ta tana zuba a gefen rigata. Ta tsaya tana kallo.

"Malam, mi ke damun hannunka?"

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta sa mutum shi kwana da hula a kai. Ni dai ban ce komi ba, amma da wannan hannun kake riƙe wanka, uban su Rabi."

Na daka mata tsawa har kaji suka watse. Allah ya jiƙanta, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige. Amma maganar ta zauna mini, kuma maimakon ta sa in bari, sai ta sa na ƙara ƙwaya don kada in tuna da ita.

Ga inda masifar take. Rawar hannun ba irin ta tsufa ba ce, fizga ce, jijiya ta harba ta tsaya ta sake harbawa, daidai da yadda igiya ke yi idan an ja ta daga ƙasa. A rijiyar nan ta gabas da Tajaye, sau biyu cikin mako guda na ji ja uku na yi ihu aka fito da Yaya, ashe hannuna ne. Na farko ya yi dariya. Na biyu ya fito ransa a ɓace, ya ce a gaban mutane, "Shaibu, in wasa kake so ka koma dandali. Mutane ƙishirwa suke ji." Samarin da ke ja suka ƙyalƙyale. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar da abin ya faru bazara ce, rana tsaka, zafi kamar ya dafa mutum. Mun kai gaba ashirin da biyu. Da safe mun zura fitila ta dawo tana ci, wato iska lahiya lau. Matan ƙauyen na zaune nesa kaɗan da tulunansu, don an ce ƙasa ta fara danshi, ƙila yau a ga ruwa. Na sha uku tun hantsi. Can sai na ji a tafina: ɗaya, biyu, uku. Na buɗe baki zan yi ihu, sai dariyar samarin nan ta faɗo mini a rai. Na sa hannun hagu na kama wuyan hannuna na dama na danne, na ce wa kaina, hannunka ne, Shaibu, kada ka sake kunyata kanka. Aka sake ja, wannan karon a raunane, ɗaya, biyu, na ukun da ƙyar. Na ƙara dannewa. Wallahi na ji, ku rubuta ku ajiye, na ji sarai. Na zauna ina gardama da hannuna wana na shaƙar mutuwa a ƙasa.

Wata tsohuwa ce cikin masu tulu ta ɗaga murya ta ce:

"Kai, ɗan nan, tun ɗazu ban ji ƙarar dagi ba."

Sai a lokacin na kwarma ihu. Muka ja kamar mahaukata, kuma saboda gaggawar nan jikinsa ya riƙa bugun bangon dutse yana hawowa. Ya fito kansa a langaɓe, kumfa a baki, leɓe ya yi baƙi. Ashe ya fasa wani falalen dutse ne mugunyar iska ta taso. Ni na danna masa ƙirji, ni na sa shi a amalanke, ni na yi gudu a gefenta har wurin lokotoro, wato likita, a Illela. Abin da mutane suka gani ke nan, shi ne kuma labarin da ya iso gare ku. Ya rayu, amma haƙarƙari uku sun karye, huhun kuma bai sake komawa daidai ba. Tarin nan da kuka san shi da shi har ya bar duniya, daga ranar ne.

Kwana na huɗu ya samu bakin magana. Ina zaune gefen gadon, ya juyo da ƙyar.

"Na ja, Shaibu. Sau biyu na ja."

"Igiya ce ta maƙale a dutse, Yaya."

Bai dubi fuskata ba, hannuwana ya duba. Na cusa su tsakanin cinyoyina. Ya daɗe yana numfashi kafin ya ce:

"To, tunda igiya ce, ka tai Badaguishiri wurin Kawu a yi muna sabuwa. Amma kai za ka tufka ta da hannunka, gaba talatin. Kada in ga ƙeyarka sai da ita."

Da ya ce a yi mini bulala a kasuwa da ya fi mini sauƙi. Wurin uban Garba! Na yi kwana biyu ina kewaye-kewaye, Dije ta ɗaure mini kayana ta ajiye a bakin ƙofa. Na tafi a ƙasa, ina tafe ina tsara ƙaryar da zan yi.

Kawu Nomau ya riƙe igiya shekara talatin kafin idonsa ya mutu rabi, ya koma tufkar igiya da ɗan lambun albasa a bakin fadama. Na taras da shi a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, kaba jiƙe a kasko gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kamo hannuna ya riƙe, ya ƙi saki, hannun kuwa sai fizga yake cikin nasa.

"Shekara guda da wata biyu," in ji shi. "Na rasa ɗa guda, ashe biyu na rasa ban sani ba. Mi kake sha?"

Duk ƙaryar da na tsaro ta zube. Na cire hula na zazzage masa a tafi. Ya shafa su da yatsa, ya mayar mini.

"Ni ba ni zubar maka. In na zubar, kasuwa na nan ran da take ci. Kai za ka san yadda ka yi da su."

Na wuni da su a hannu. Da la'asar na kai su bayan gari na tona rami na binne, na tattake wurin, ina tattakewa ina jin kamar ɗana na binne. Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Jiki kamar an yi mini dukan tsiya, barci ba ya isata, in na farka kuma kuka ba dalili, gardi da gemu. Tsoro ya dawo tsirara, ba abin da zan rufe shi da shi. Ƙofa ta buga sai in zabura. Kawu bai lallashe ni ba, bai kuma zage ni ba. Aiki ya ɗora mini. Daga sallar asuba zuwa azahar tufka: ka maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa, ka murza kaba tsakanin tafuka, ka saka, ka ja. Da la'asar in ɗauki guga in shayar da albasa komi bayan komi, wato fangali-fangali, har kafaɗa ta mutu. Sannan dole in ci tuwo a gabansa, yana sauraron hannuna a akushi. Kowace yamma ya bi abin da na tufka da yatsunsa, inda ya ji kauri da siranta ba su daidaita ba ya ce, "Nan hankalinka ya tai wani wuri," ya sa in warware. Makon farko ko gaba ɗaya ban tsira da shi ba.

Mafi wuya shi ne hira. Muna cikin tufka sai ya jefo tambaya kamar ba komai.

"Ran nan, mi Garba ya ci da sahe?"

Na ce, "Kawu, don Allah ka bari."

"Ɗana ne. Kai ne na ƙarshe da ka gan shi, ka kuma ɓoye mani shi shekara guda. Mi ya ci?"

Na gaya masa ɗumamen tuwon dawa ne, har ya ƙwace mini nawa. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Kashegari ya tambayi waƙar da yake yi yana sauka. Haka, kaɗan-kaɗan, har muka iso ga fizgar nan da nauyin nan. Ranar da na faɗe shi da bakina, na ɗauka numfashina zai ɗauke. Bai ɗauke ba. Kawu ya ce da ni:

"Kai kana zaton kai kaɗai ne? Ubanka sai ya zaga bayan dutse ya yi amai kahin shi zauna bakin rami. Ni kuwa gudawa ke kama ni. Amma mukan hwaɗa ma juna. In na ce, yau gabana na hwaɗuwa, sai ubanka shi ce, to zauna ka sha ruwa, rijiya ba ta gudu. Ku yaran yanzu wa ya ce maku a ɓoye ake yi?"

Ban san haka ba. Na tashi ina ganin ubanmu kamar dutse.

Kada ku ɗauka daga nan na miƙe. A mako na biyar, ran kasuwar Badaguishiri, na wayi gari ƙirjina kamar an ɗora turmi. Na ce wa Kawu zan sayo gishiri. Na samu mai faranti, na haɗiye ɗaya a bayan rumfa ko ruwa babu. Na dawo na tufka gaba biyu cikin ɗan lokaci, ina jin daɗin kaina. Da yamma Kawu ya bi da yatsa, ya zo daidai wurin ya tsaya. Igiyar ta yi tsauri ainun, irin wadda ke tsinkewa farat ɗaya.

"Nan ka tai kasuwa," in ji shi. "Wa kake so shi rataya a nan?"

Na warware da kaina ina kuka. Ita ce ta ƙarshe da ta shiga bakina har yau. Daga ranar, idan turmin nan ya hau ƙirjina, sai in ce, "Kawu, ya zo." Shi kuma ya ce, "To ajiye kaba." In kafa tafin ƙafata a ƙasa, in ja numfashi a hankali ina salati har ya lafa, ko in ɗauki guga in nufi lambu. Wani lokaci ya lafa da wuri, wani lokaci ya wuni. Amma na gane yana zuwa yana tafiya, ba ya kashe mutum.

Wata biyu da kwanaki na yi kafin gaba talatin ta cika. Na saɓo ta na dawo gida, na taras da Yaya a zaure ya rame, yana tari. Na ajiye igiyar gabansa, na durƙusa, na ce:

"Yaya, igiya ba ta maƙale ba. Na ji ja uku, sau biyu. Ƙwaya nake sha, na ɗauka hannuna ne."

"Na sani."

"Ka sani ka bar mutane na yaba mani?"

"Da na hwaɗa, da ka bi hanyar birnin Ikko ba mu sake ganinka ba. Ni ƙanena nake so, ba a ba ni gaskiya ba." Ya yi tari mai tsawo, ya shafa igiyar. "Mutanen nan har yau daga nesa suke ɗauko ruwa, jakunansu sun hwara mutuwa. Lokotoro ya ce ni da rami har abada. Kai za ka shiga. Ni in riƙe."

Ban taɓa wuce gaba biyar a cikin ƙasa ba. Ranar da muka koma ƙauyen, aka zura fitila ta dawo tana ci, aka ɗaura mini igiyar da na tufka. Ina sauka bakin rijiya na ƙanƙancewa a sama har ya koma kamar faifai. Na dira inda Yaya ya faɗi, ga daginsa nan jingine. Na ɗauka na sara sau biyar ko shida, sai ya zo. Ƙirji ya toshe, bango kamar yana matsowa, na ji ƙamshin ƙasar da muka tono Garba a ciki. Hannuna ya tafi ga hula, babu komai a ciki. Na san iska lahiya take. Na san in na ja za a yi dariya. Na kama igiyar na ja sau uku.

Ban gama na ukun ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa.

Da na fito mutane suka yo caa a kaina. Maigari ya ce, "Iskar ce kuma?" Amsar na nan a bakina, kalma ɗaya, kowa zai yarda. Na dubi Yaya, yana zaune a wurina na da, yana haki.

"A'a, ranka shi daɗe," na ce. "Tsoro na ji."

Wani saurayi ya fara dariya. Yaya ya juya ya dube shi, dariyar ta mutu. Sannan ya turo mini buta.

"Zauna ka sha ruwa. In ya lahwa ka koma."

Na koma. Sau huɗu na ja a ranar, sau huɗu aka fito da ni. Kashegari sau biyu. A rana ta shida dagina ya shiga laka, ruwa ya taso mini har idon sawu, na ji guɗar mata ta gangaro ramin kamar daga wata duniya. Shekara goma sha tara na yi ina shiga bayan nan, Yaya na riƙe da ni, da ƙirjin nan nasa da na lalata. Tari kan turnuƙe shi a bakin rami har ya dunƙule, samari su ce, "Baba, kawo mu karɓa," ya girgiza kai, hannunsa na kan igiya. A duk shekarun nan ban san sau nawa na ja uku ba. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa ko da gaske nake ba.